Shekarar da Shamuwa Ta Ƙi Gawon Gidanmu

Bazarar nan da muke ciki na sauka tabkin da ke gabas da garinmu. Ba kallon komai ya kai ni ba, akuyata ce ta tsinke igiya. Na tarar da wasu samari biyu daga Maradi sun jingine moto, wato babur, a gindin aduwa, ɗaya ya manna madubin hangen nesa a ido, ɗayan yana ɗaukar hoto da salula. Muka gaisa. Suka ce tsuntsaye suka zo gani, wai duk bazara haka suke yi, su bi tabkuna da abin da ya rage na daji tun daga wajen Gidan Sori har Gangara, su ga wanda ya zo da wanda ya tafi. Na ce to mi kuka gani. Mai madubin ya ce, "Baba, yau mun yi sa'a. Ga zalɓe can, ga zakaran ƙeƙuwa, ga kuma balbelu bayan shanu." Yana faɗa bakinsa har kunne. Na dubi inda ya nuna. Ruwan da ya rage bai isa a wanke jaki ba, ya yi kore, masu bulo sun ƙwaƙule gefensa duk ramuka. Can kan wata ƙaya na hango wasu baƙaƙen abubuwa suna kaɗawa, na ce shamuwa ce. Ledoji ne. Ban ji haushin samarin ba, yara ne masu ladabi, har ruwa suka miƙo mini. Murnar da suke yi ce ta ci mini rai. Na kama akuyata na dawo gida, kuma tun ranar abin da na daɗe da binnewa yake ta tasowa.

Ni ban daɗe a lakol ba, makarantar boko ke nan, mushe malaminmu ya gaji da ni na gaji da shi, saboda haka ba zan iya tsara magana kamar masu ilimi ba. Amma tabkin nan na san shi. Lokacin da muke tasowa, in bazara ta kama, ƙananan tabkuna duk sun ƙafe, namu ne kawai ke riƙe ruwa, to nan komai ke taruwa. Ba a tashinmu da safe, kirinjijiya ke tashinmu. Su taso garke guda suna fito kamar an tara yara an raba musu usur, su ratsa ta kan gari su koma ruwa. Dinya ba ta da wannan surutun, sai ƙarar fiffike mai nauyi in ta tashi. Zalɓe ya tsaya cikin ruwa tun hantsi kamar wanda aka ce ya jira wani bai zo ba. Zakaran ƙeƙuwa kuwa ɗan tsegumi ne, in ka nufo bakin ruwa da danƙo a aljihu shi zai fara kururuwa ya tona maka asiri. Gauraki su ne manya. In suka sauka biyu-biyu suka fara tsalle suna buɗe fiffike, har matan da ke wanki sai su saki zane su tsaya kallo. Mu yara muna shayar da awaki, muna kwasar laka a tsohon kwando don yaɓen rumbu, ƙafafunmu duk faso, amma ba wanda ke son a aike shi gida. Bayan tabkin daji ne, sabara da kalgo da marke da ƙirya, mace ɗaya ba ta shigarsa itace sai sun haɗu. Cilakowa na ciki, fakara na ciki, zabin daji su tashi gabanka har ka razana. Yau in ka tsaya a bakin tabkin kana hango motocin hanyar Agiye, ba abin da ya tare maka ido. Matanmu da kara da kashin shanu suke dafa tuwo.

Duk tsuntsayen nan na kowa ne. Shamuwa ce tamu. A ƙofar gidanmu akwai wani gawo babba, kuma tun kafin a haifi ubana shamuwa ke sheƙa a kansa. Kakana daga kudu ya taso, wajen ƙasar Katsina, an ce da ya iso ya ga shamuwa a kan gawon sai ya sauke kayansa ya ce nan ne. Shi ya kafa dokar da muka tashi muka tarar: iri ba ya fita rumbun gidanmu sai shamuwa ta ɗora kirarenta a gawon nan. Ba a jifarta, ba a taɓa ƙwanta, ɗanta in ya faɗo a hau a mayar. Innarmu kullum cikin mita take, don kashinsu ya mai da katanga fara fat, ga ƙarni, ga su da kwashe tsumma in an shanya. Baba ya ce mata, "Baƙi ne, ki yi haƙuri da su. Wata nawa za su yi?"

Ubana, Idi, ba malami ba ne, ba ya riƙe da sarauta, ba shi da fatauci. Gonar bakin tabki yake da ita, mai baƙar ƙasa, da wata ƴar jigawa a tudu wadda ko wake sai ta ga dama. Amma in zafi ya yi zafi, sama ta fara tara gizagizai da la'asar, to duk garin nan ba wanda ya kai shi daraja. Mutum ya fito masallaci ya biyo ta ƙofarmu, ya ɗaga kai ya dubi gawo, sannan ya ce, "Idi, da labari?" Baba ya gyara zama a kan buzu ya ce, "Da saura." Ran da suka sauka kuwa, shi da kansa yake zagaya gari yana faɗa, maƙeri ya hau gyaran sungumi, mata su hau sussukar iri. Bari in faɗi gaskiya tun yanzu: dokar nan ba ta taɓa cin mu komai ba, domin shamuwa kullum tana riga ruwa zuwa. Kafin a yi ruwan shuka ta daɗe da yin sheƙa. Doka ce mai sauƙin bi, shi ya sa ba wanda ya taɓa tambayar ranar da za ta yi tsada.

Shekarar da nake magana na fara tsiro gashin baki. Daminar da ta wuce ba ta bar ciyawa ba, Baba ya tafi cin rani kudu. Muna da saniya guda a hannun Buba, wani bafillace abokin Baba da ke da ruga bayan tabki, ita ke ba ƙannena nono. Rani ya yi nisa sai ga Buba a ƙofar gida da sandarsa a kafaɗa. Ya ce wa Inna, "Uwar gida, naggenku ta kwanta. Yau da wutsiya muka ɗaga ta. In ba ta samu ganye ba, ba ta ganin damina." Kowa ya san gawo da rani yake ganye. Na daji duk makiyaya sun riga sun sassare su, namu ne kaɗai ya rage kore shar. Inna ta dubi gawon. Sannan ta ce, "Hau ka sara." Buba ya ce, "Idi fa?" Ta ce, "Idi na kudu, saniya na nan." Ya hau da gatari. Bai yi da mugunta ba, amma yunwar dabba ba ta ƙarewa rana ɗaya, yau reshe gobe reshe, har gawo ya koma kututture da ƴan dungulmi. Tsofaffin sheƙuna duk suka zubo ƙasa, Inna ta hura wuta da su. Saniya ta tashi.

Da Baba ya dawo bai ko sauke ƙunshinsa daga ka ba. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallon sama.

"Wa ya aske shi?"

Inna ta fito da kwanon ruwa ta durƙusa. "Sannu da hanya, Maigida. Ni na sa."

"Ke kika shuka shi?"

"Ban shuka ba. Saniya ce za ta mutu."

Bai karɓi ruwan ba. Ya wuce ɗaki. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi hakan da ya fi mana sauƙi.

Shamuwa suka zo a kan lokacinsu. Ina nan tsaye, da hantsi ne. Suka yi ta kewaya gidanmu, baƙin baya farin ƙirji, suna saukowa ƙasa-ƙasa suna komawa. Ɗaya har ta taɓa kututturen da ƙafa, ta ga ba wurin ɗora komai, ta tashi. Daga nan suka karkata yamma suka sauka kan tsamiyar gidan Tanko mahauci. Tanko sa'an Baba ne, tare aka yi musu kaciya, bakinsa ba ya shiru. La'asar na yi sai ga shi yana goge hannu a riga.

"Idi, baƙinka sun sauka wurina. In kawo maka su ne, ko za ka zo ka gaishe su?"

"Hanya suka ɓata. Za su dawo gida."

"Wane gidan? Wanga da aka yi wa aski ba a bar ko zanko ba?"

Mutane suka yi dariya. Baba ma ya yi, amma na ga hannunsa na murza bakin buzu.

Ba a daɗe ba aka yi ruwa, ruwa na gaske, wanda in ka tona ƙasa sai hannunka ya nutse har gwiwa kana taɓa danshi. Da gari ya waye duk wanda ke da ƙafa ya nufi gona. Inna ta dama kunu da wuri, ni na saɓi sungumi. Baba na zaune a gindin rumbu.

"Ina za ka da wannan?"

"Gona, Baba."

"Ajiye."

Inna ta ce, "Maigida, ƙasa ta sha. Shamuwa kuma ta zo gari, makaho ma ya ji ƙarninta."

"Ta zo gidan Tanko. Irin Tanko ne cikin rumbun nan?"

"To in ba ta dawo ba fa? Mi yaran nan za su ci, doka?"

"Da kin yi wannan tambayar ran da kika ba Buba gatari."

Ya tashi ya hau rumbu ya fiddo zangarkun iri, waɗanda ya zaɓa da hannunsa tun kaka, ya kai ɗakinsa ya sa kwaɗo.

Abin da ya biyo baya har yau ba na son tunawa. Ubana da furfura a gemu ya ɗaura ɗan bante ya hau gawo. Ya ɗaɗɗaure sanduna a tsakanin dungulman, ya kafa tsohon kwando, ya cika shi da kirare, wai ya rage musu aiki. Ƙaya ta yayyage masa hannu. Yara suka taru a ƙasa suna kallo, wani ya ce Baba Idi zai yi ƙwai, uwarsa ta make shi, amma ita ma ta rufe baki da gyale. Buba ya zo ya tsuguna ya ce, "Idi, ni na sara, laifin a kaina. Fiddo iri, in zo da yarana, kafin rana ta faɗi mun rufe maka gonar." Baba ya ce, "Kai ka san saniya, Buba. Bar mini sama." Liman ma ya tare shi bayan azahar ya ce ruwa na Allah ne, tsuntsu halitta ce kamar mu, ba ta ba kowa hatsi. Baba ya ce, "Na sani, Liman. Ubana ma ya sani." Inna da ta ga haka ta tafi gidan wanta ta roƙo ɗan iri a bakin zane, ta shuka a gayaunarta bayan gida. Baba ya gani ya kau da kai, don ba daga rumbunsa ya fito ba.

Na daɗe ina ɗauka tsoro ne ya hana shi, wai in ya karya dokar gero ba zai yi ba. Sai da na kai shekarunsa na gane ba haka ba ne. Manomi ne, ya fi kowa sanin ƙasa ta jiƙu. Amma in ya ɗauki iri ya bi bayan mutane, alhali shamuwa na kan tsamiyar Tanko, to ya yarda ke nan gidanmu gida ne kamar kowane, shi kuma Idi ne kawai mai gona ɗaya. Abin da ya tsare ke nan. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, Allah ya jiƙansa: girmansa ya tsare, mu muka biya.

Aka yi ruwa na biyu, aka yi na uku. Mutane suka gama noman firi. Ni ina zaune a gida kamar mai jinya, in na fita sa'o'ina su ce, "Ɗan gidan shamuwa, yaushe za a kira ku?" Gonar bakin tabki ta cika da ciyawa har awakin mutane na shiga kiwo. Sai da geron gari ya kai gwiwa, wasu har sun shiga maimai, sannan wata safiya wasu shamuwa biyu ƙanana, ina jin manyan ne suka kore su daga tsamiya, suka sauka a kwandon Baba. Ban taɓa ganin farin ciki irin nasa na ranar ba. Ya fita ba hula yana kiran mutane, "Sun dawo! Ban faɗa muku ba?" Gari kuwa ba kowa, duk suna gona, sai tsofaffi da kaji. Ya buɗe ɗaki ya fiddo iri. Muka share ciyawa muka shuka, mu kaɗai a duk faɗin karkarar nan, masu wucewa suna yi mana sannu da irin muryar da ake yi wa mai zaman makoki.

Geron ya fito, ya yi kyau ma, don ƙasar ba ta da laifi. Ya yi duhu, ya yi kauri, ya yi ciki. Yana fid da kai ruwa ya ɗauke. Ba fari aka yi ba, ku ji ni da kyau, ruwa ya ɗauke ne a lokacin da ya saba ɗaukewa. Zangarniya ga ta doguwa, in ka murza a tafin hannu ka hura, ba abin da ke saura. Wannan ne ɗacin. In yunwa ta gari duka ce, kana da abokan kuka. Mu tamu ta zo shekarar da kowa ke ɗaurin dami yana waƙa, ana kiɗan kalangu ana ɗaura aure, amalanke na wucewa ta ƙofarmu har ƙafafunta na kuka don nauyi. Shamuwa suka tattara ƴaƴansu suka yi kudu da ƙibarsu. Ɗan abin da gayaunar Inna ta bayar muka ci har ya ƙare. Aka kai saniyar kasuwar Gangara, wadda dominta aka sare gawon. Kafin zafi ya dawo kuɗinta ma mun cinye su.

Sai gonar bakin tabki, ita ma aka sayar wa Tanko. Tanko bai cuce mu ba, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Baba ne ya je ya same shi. Aka kira shaidu, aka bi layin ciyawar gamba aka zagaye iyaka, aka auna mana hatsi aka zuba a rumbu. Ranar Tanko bai yi wasa ko ɗaya ba, kansa a ƙasa. Inna ba ta taɓa ce wa Baba kai ka jawo ba, shi ma bai sake ambatar gatari ba. Suka zauna tare har mutuwa ta raba su, tana kai masa tuwo yana cewa sannu, iyakarta ke nan.

Yanzu ba mai duban itace kafin ya yi shuka. Rediyo ke faɗa, wani lokaci ta faɗa daidai, wani lokaci a kwashe iri a zuba a yi asara. Samari su binne iri a busasshiyar ƙasa tun ba hadari, su hau mota su tafi neman kuɗi, in ya fito ya fito. Ba na cewa mun fi su hankali, ni da na ga abin da hankalinmu ya haifa. Amma a da in mutum ya yi kuskure, akwai abin da ya ɗauka da girma har ya yi kuskuren dominsa. Gawon ya daɗe da faɗuwa, masassaƙa suka yi turame da shi. Gauraka ɗana bai taɓa ganinta ba, in na kwatanta masa sai ya ɗauka tatsuniya nake. Ƴan shamuwan da ke zuwa, na gan su a Agiye, kan dogon ƙarfen salula suke sheƙa, ba gidan kowa ba. Gonar bakin tabki tana hannun jikokin Tanko, sun sa mata waya.

Daminar da ta biyo bayan sayar da gonar, jigawar tudu kaɗai gare mu, safiya ɗaya ta ishe ta. Sauran kwanakin shuka ƙwadago muka shiga, ni da Baba, a biya mu da tiyar hatsi. Aikin da aka fara samu kuwa a gonar bakin tabki ne. Na ce masa mu nemi wani wuri. Ya ce hatsin can da na nan duk ɗaya ne a tukunya. Ɗan Tanko, sa'ana, wanda a da sai ya tuɓe takalmi yake gaida Baba, shi ke gaba da sungumi yana sara. Baba na biye da ƙoƙon iri yana zubawa yana rufewa da ƙafa, ni ina layin da ke gefensa. Tafiyarsa ba sauri, don kowane taki na gonar nan ya san shi, nan ruwa ke kwanciya, can tururuwa ke kwashe iri, sai ya riƙa tsayawa yana gyara ramin da bai yi masa ba. Yaron ya kai ƙarshen layi ya juyo ya ga tazarar da ke tsakaninsu.

"Baba Idi, a ɗaga ƙafa mana, ƙasa na bushewa!"

Na tsaya cak. Na ɗauka zai ajiye ƙoƙon ya kama hanyar gida, kuma da ya yi da na bi shi ko da za mu kwana da yunwa. Ya dubi yaron, ya dubi ƙoƙon da ke hannunsa.

Ya ce, "To."

Ya ɗaga ƙafa. Yana sauri yana tuntuɓe, iri na zuba wani a rami wani a waje, ramuka da yawa bai ko rufe ba. Na bar layina na bi bayansa ina rufewa, don kada yaron ya gani ya sake magana.